Masu Tsaron Matan Fada

Mai neman ruwa mai faɗowa daga kan dutse sai ya nufi Gurara ko Matsirga ta Kafanchan. Kwarin Rima shimfiɗaɗɗe ne, fadama da shinkafa iya ganinka. Duk da haka baƙo na tasowa daga Birnin Kebbi takanas domin ya tsaya a bakin gulbin Matan Fada, a Argungu.

Yawanci gasar kamun kifi ake yabo, wadda ta samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan tsohuwar gabar Sakkwato da Kabawa. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya abin adanawa. Ni kuwa jinjinata ta Sarkin Ruwa ce da masuntan da ke bayansa. Su ke hana kamun kifi a wannan yanki na gulbi har ranar biki, kifi ya samu ya yi ƙiba. Ba ƙaramin aiki ba ne ka hana masunci ruwan ƙofar gidansa, ga giwan ruwa yana gani.

Ranar da aka buɗe, dubban mutane ke rugawa da homa da gora, ba ƙugiya, ba inji. Goran nan shi ne abin hawa, shi ne ma'ajin kifi. 'Yan kwalekwale na zagayawa a tsakaninsu, makaɗa a ciki, ido na kan wanda ya gaji.

In rana ta yi sanyi, sai ka taka zuwa gidan tarihi na Kanta.