Zumunta a Ƙafa Take: Sharhi a kan Manufar Gwamnati Game da Mazauna Ƙetare

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Dangi da ke Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano yana kusa da wurare biyu da suka shafi 'yan ƙasa mazauna ƙetare. Na farko shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Titin Zariya, inda ake horar da likitocin da wasunsu kan tafi aiki Saudiyya ko Ingila. Na biyu kuwa shi ne Titin Gidan Zu, matattarar masu shirya finafinan Hausa waɗanda ake kallo a Kumasi da Jidda. Wannan maƙala za ta duba yadda gwamnati ta kula da mutanen wuri na farko, ta manta da darasin wuri na biyu.

Tun a shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta ƙarfafa kafa ƙungiyar NIDO. A 2017 aka yi dokar kafa hukumar NIDCOM, ta fara aiki a 2019 a ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa. An keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don mazauna ƙetare, kana a 2021 aka amince da manufa ta ƙasa a kansu. Lalle hukumar ta cancanci yabo a kan rawar da ta taka wajen kwaso ɗalibai daga Sudan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.

Sai dai idan aka lura da kalaman da ake tallata manufar da su, za a tarar mafi yawansu na kasuwa ne, watau jari da ƙwarewa da kuɗin aike, wanda ya kai kusan dala biliyan 20 a 2023. Mutumin da ake yi wa magana shi ne mai digiri da ke London ko Amurka, kuma da Turanci ake yi masa. Ko shi ɗin ma ba a ba shi damar jefa ƙuri'a daga inda yake ba, domin a 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyaran da zai ba da wannan dama. Ke nan an karɓi aikensa, an ƙi jin ra'ayinsa.

Bahaushe kuwa ya riga gwamnati sanin zaman waje, har ya bambanta irinsa: akwai fatauci, akwai cin rani, akwai hijira, akwai zaman zango. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Haka kuma fataken goro suka kafa zangunan Gana. Jikokin waɗannan mutane yawancinsu 'yan ƙasashen da suke zaune ne, ba su riƙe da fasfon Nijeriya, saboda haka ma'aunin gwamnati bai kama su ba. Amma da rikici ya rutsa da Hausawan jihar Bulu Nil a 2022 aka rasa rayuka masu yawa, a gidajen Kano an ji zafin abin tamkar a unguwa ya faru.

Abin da ya riƙe wannan zumunci shi ne harshe. Rediyon Kaduna da sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, da waƙoƙin Mamman Shata, da finafinan Titin Gidan Zu sun yi aikin da babu wani ofishi da ya yi. Ɗan likitan da aka haifa a Ingila ma, muddin ya tashi bai iya gaida kakarsa ta Tarauni ba, to, kuɗin aike zai tsaya ranar da ubansa ya kwanta dama.

Saboda haka ya kamata a fitar da manufar da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a kuma tanadi littattafai da malaman koyar da 'ya'yan mazauna ƙetare, ta haɗa kai da Jami'ar Bayero. Bugu da ƙari, a buɗe wa Hausawan Sudan da na Gana ƙofar ziyara da karatu, ko da ba a ba su takardar zama 'yan ƙasa ba. Wanda ake zuwa wurinsa sai ranar karɓar kuɗi kawai, ba zai daɗe yana ɗaukar mai zuwan a matsayin ɗan'uwa ba.