3.4 Karayar Arziki da Zaman Aure a Cikin Alhaki Kuykuyo Ne

Wannan sashe ya dubi yadda Balaraba Ramat Yakubu ta sarrafa karayar arziki a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne (1990), tare da auna shi da halin da magidanta suka shiga a unguwa irin Tudun Jukun da ke Tudun Wadar Zariya.

Abin da za a fara lura da shi shi ne, auren Rabi da Alhaji Abdu bai lalace don babu ba. Lokacin da yake ƙuntata mata a kuɗin cefane, ita da 'ya'yanta tara, rumfarsa ta kasuwa cike take da kaya, har ya sami sukunin auro Delu. Bayan ya saki Rabi ne gobara ta cinye rumfar. Wato ke nan marubuciyar ta raba rowa da rashi, kuma a nan ƙarfin littafin yake, domin ta nuna cewa abin da ke kashe wa mace zaman gida shi ne a hana ta alhali akwai.

Sai dai kuma akwai rauni. An kawo gobarar ce a matsayin sakayya, kamar yadda sunan littafin ya nuna, don haka mai karatu yana iya ɗauka cewa duk wanda arziki ya kuɓuce masa, alhaki ne ya bi shi. Wannan bai dace da zamanin da aka rubuta littafin ba. Gwamnatin Janar Buhari ta rage ma'aikata da yawa a 1984, sannan shirin SAP na gwamnatin Janar Babangida ya karya darajar naira daga 1986. Ƙaramin ma'aikaci a Tudun Jukun da aka miƙa wa takardar sallama bai zalunci matarsa ba, amma bashin mai shago da kuɗin haya sun isa su sa gaisuwar safe ta gagara tsakaninsu. Irin wannan magidanci ba shi da gurbi a cikin labarin.

Ta fuskar addini kuwa, marubuciyar ta fi nuna gwaninta. Musulunci ya ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da muhalli, har ma a mazhabar Malikiyya mace tana da damar kai ƙara gaban alƙali a raba auren idan miji ya kasa ciyar da ita. Amma da Alhaji Abdu ya talauce, sai aka taru a kan Rabi da maganar haƙuri da darajar 'ya'ya, har ta koma ba da son ranta ba. Haƙurin da ya kamata ya zama abin da miji da mata za su rungumi ƙaddara da shi tare, sai ya zama kayan da ake ɗora wa mutum ɗaya. Abin mamaki, ba a matsa wa Alhaji Abdu haka ba lokacin da yake da hali.

Haka kuma, komawar Rabi ba ta nuna auren ya gyaru ba. Ta koma ne da jarinta na sayar da abinci, ita ke ɗora tukunya, shi kuwa maigida yana jiran a zuba masa.