Burodin Alkama na Gida: Nazarin Al'adar da Ta Aro Siffar Abin da Take Ƙi

Abin da ake nufi da burodin alkama a wannan nazari shi ne wanda aka kwaɓa da garin alkamar da ba a surfa ba, wato aka niƙe ƙwayar sukutum da dusarta, aka kuma gasa shi cikin gwangwani mai kusurwa huɗu domin a riƙa yanka shi falle-falle. Amfani biyu ake yi da waɗannan yankan a gidajen Ingila da Amurka, inda al'adar ta fi kafuwa: ko dai a sake gasa su har fuskarsu ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras, abin da ake kira tos, ko kuma a haɗa falle biyu a sa nama ko ƙwai ko cuku a tsakani, wato sanwic. Masu wannan gashi sukan ɗauka cewa sun koma ga burodin kakanninsu ne, amma tarihi bai goyi bayansu sosai ba, domin al'adar ta taso ne daga ƙin jinin burodin masana'anta, sannan ta juya ta aro siffarsa da ma'auninsa na kyau, kuma daga wannan saɓani ne kusan duk wahalar sana'ar ta fito.

Ƙwayar alkama sassa uku gare ta. Akwai dusa, wato ɓawon da ya lulluɓe ta, wanda ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinta. Akwai farin cikin da ke ɗauke da sitaci da furotin, wanda ya kai kusan kashi 83. Sai kuma ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, wanda bai wuce kashi 3 ba, amma shi ne mai maiƙo. Muddin da dutse ake niƙa, raba waɗannan sassa aiki ne na tankaɗe mai cin lokaci, don haka farin burodi ya daɗe yana zama abincin masu hali. Injin niƙa mai naɗin ƙarfe, wanda aka inganta a ƙasar Hungari ya kuma bazu a Turai da Amurka a shekarun 1870 da 1880, shi ya rushe wannan bambanci, saboda yana fasa ƙwayar mataki-mataki yana ware dusa da ido gefe guda. Fulawar da ta fito daga gare shi fara ce, tana da araha, tana kuma daɗewa a ajiye, tun da an cire maiƙon da ke sa gari ya yi maƙaƙi. Talaka ya sami farin burodi, dusa kuma ta koma abincin dabbobi.

Ƙorafi a kan farin gari ya ma riga wannan inji. A shekarar 1837 wani mai wa'azin Kirista ɗan Amurka, Sylvester Graham, ya wallafa ɗan littafi a kan burodi inda ya zargi masu gidajen burodi da algus, ya nace cewa garin da ba a tankaɗe ba shi ne abinci na gari, ya kuma ɗora alhakin gasa shi a wuyan matar gida. A Landan, likita Thomas Allinson ya sayi injin niƙa na dutse a unguwar Bethnal Green a 1892 domin ya sayar da irin wannan gari, kuma har yau sunansa na kan buhunan gari a Birtaniya. Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da ra'ayin 'yan tsiraru dokar ƙasa, domin a 1942 gwamnatin Birtaniya ta hana farin burodi ta maye gurbinsa da burodin ƙasa, wanda ake yi da garin da ya riƙe kusan kashi 85 na ƙwayar, don a rage yawan alkamar da jiragen ruwa ke ɗaukowa. Jama'a sun ci shi ne bisa tilas, kuma da aka ɗage dokar a 1956 suka koma wa fari. A tsakiyar wannan zamani, a 1944, wata mata mai suna Doris Grant ta fitar da hanyarta ta yin burodin alkama ba tare da murza kwaɓi ba, burodi mai nauyi da damshi wanda ake kira da sunanta har yanzu, kuma shi ne ya fi kowane kusa da abin da garin alkama ke bayarwa idan an bar shi da halinsa.

Abin da ya ƙara wa al'adar ƙaimi shi ne hanyar Chorleywood, wadda masu binciken masana'antar burodi ta Birtaniya suka ƙirƙiro a 1961. A wannan hanya ana buga kwaɓi da inji mai tsananin gudu na 'yan mintuna, tare da ƙarin yis da kitse da sinadarin bitamin C, sai ya tashi ba tare da doguwar jira ba, a sami burodi mai laushi kamar auduga, wanda shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa a ƙasar. Matasan shekarun 1970 da suka juya wa abincin kanti baya sun mayar da gashin gida wata alama ta 'yanci, littattafai irin su The Tassajara Bread Book na 1970 da The Laurel's Kitchen Bread Book na 1984 suka zama musu jagora.

Sai dai a nan ne saɓanin ya fito fili. Yankan burodi mai kauri ɗaya da kusurwa huɗu ƙirar masana'anta ne: injin yanka na Otto Rohwedder ya fara aiki a garin Chillicothe na jihar Mizuri a 1928, na'urar tos mai tunkuɗo burodi da kanta kuwa, wadda Charles Strite ya ƙirƙiro, ta shiga gidaje a 1926. Sanwic ya girme su duka, tun da sunan ya samo asali ne daga sarautar John Montagu, wani basaraken Ingila na ƙarni na 18, amma sanwic ɗin da ɗan makaranta ke ɗauka a jakarsa ɗan zamanin yankakken burodi ne. Saboda haka mai gashin gida yana neman abu biyu da ba sa ga maciji da juna: yana son gari mai dusa, yana kuma son yanka mai laushi da ba ya marmashewa, mai ƙananan ƙofofi da ba za su zubar da bota ba, mai lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Duk dabarun da al'adar ta tara ƙoƙari ne na sasanta waɗannan buƙatu biyu.

Tushen matsalar shi ne gulutin, wato danƙon da ke samuwa idan furotin ɗin alkama ya haɗu da ruwa aka kuma murza shi, wanda shi ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya kumbura. An daɗe ana bayanin cewa ɓarɓashin dusa yana yanka zaren wannan danƙo kamar wuƙa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bincike na baya-bayan nan ya fi ba da ƙarfi ga wani dalili, wato dusa tana shanye ruwan da danƙon ke buƙata, tana kuma shan sa ne a hankali. Wannan ya bayyana kuskuren da sabon shiga ya fi yawan yi: yana ganin kwaɓi na manne masa a hannu sai ya yi ta barbaɗa gari, bayan rabin awa kuma dusa ta shanye sauran ruwan, burodi ya fito kamar tubali. Masu sana'ar suna auna komai ne da nauyin gari, kuma a wannan lissafi farin burodin gwangwani yakan ɗauki ruwa kashi 60 zuwa 65, na alkama kuwa yakan nemi 70 zuwa 80, gishiri kuma kusan kashi 2. Ke nan gari giram 500 zai sha ruwa wajen giram 375 da gishiri giram 10, kuma sikeli ya fi kofi aminci, domin kofi ɗaya na gari kan bambanta da wani gwargwadon yadda aka danna shi.

Maganin da ya fi kowane tasiri shi ne jiƙo, wato a haɗa gari da ruwa kawai a bar su na rabin awa, ko awa biyu, ko ma su kwana, kafin a sa yis da gishiri. Dusa takan yi laushi, danƙo ya fara haɗuwa da kansa, baurin da ke cikin ɓawon jar alkama kuma ya ragu. Wasu sukan dama ɗan kaso na garin da ruwa ko madara a kan wuta har ya yi kauri kamar kunu, su bari ya huce su zuba a kwaɓi, dabarar da aka aro daga masu burodin Japan da Sin, wadda ke sa burodi ya riƙe damshi na kwanaki. Ana ƙara cokali biyu na mai ko bota don taushi, da zuma kaɗan don ta rufe ɗacin dusa. A nan ya kamata mai nazari ya lura cewa kowane ƙari mataki ne zuwa ga burodin kanti, kuma akwai girke-girken da ke zuba zuma da mai da garin gulutin na sayarwa har abin da ya fito ya fi kusa da kek fiye da abin da Graham ya yi wa'azi a kai. Mafi yawan masu gashi ma rabi da rabi suke yi, fulawa da garin alkama, kuma wannan sulhu ba abin kunya ba ne matuƙar an kira shi da sunansa.

Tashin kwaɓin alkama ya fi na fulawa sauri, saboda dusa da ido suna ciyar da yis, amma ƙarfinsa na riƙe iska bai kai na fulawa ba, don haka tazarar da ke tsakanin ya isa da ya wuce gajera ce ƙwarai. Idan aka bar shi ya zarce a gwangwani, sai kansa ya rufta a cikin oben, ko kuma a sami rami ƙarƙashin ɓawo. Gwanaye sukan sa shi a wuta da zarar ya ɗara bakin gwangwani da kamar faɗin yatsa biyu, a zafin digiri 190 zuwa 200 na tsawon minti 35 zuwa 45, har tsakiyarsa ta haura digiri 90. Daga nan sai haƙuri, domin burodin da aka yanka da zafinsa cikinsa kan cakuɗe ya manne wa wuƙa.

Inda burodin alkama na gida ya yi wa na kanti fintinkau shi ne wajen tos, kuma dalilin na kimiyya ne. Taurin da burodi ke yi bayan kwana biyu ba bushewa ce kaɗai ba, sitacin da ya narke lokacin gashi ne ke sake daskarewa, kuma sanyin firji yana hanzarta wannan, shi ya sa ake ajiye shi a ɗaki ko a yanka a sa a firiza. Zafi yana warware daskarewar na ɗan lokaci, a fuskar yankan kuma yana haddasa haɗuwar sukari da furotin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, wadda ke kawo jan launi da ƙamshi. Dusa da maiƙon ido suna ba wannan ƙamshi zurfi irin na soyayyar gyaɗa, nauyin da ake ganin aibi ne a sanwic kuma ya zama abin so, domin yankan yakan yi ƙaras-ƙaras a waje ya riƙe taushi a ciki, alhali farin burodin kanti yakan bushe gaba ɗaya.

Da'awar lafiya da aka gina al'adar a kai tana da gaskiya, amma an yi mata ƙarin gishiri. Babu musu cewa garin da ba a surfa ba ya fi fulawa harza, wato zaren abinci mai taimakon hanji, ya kuma fi ta bitamin B da sinadaran ƙarfe da magnesiyam. Amma idan an niƙe shi ya yi luƙui, yana ɗaga sukarin jini kusan yadda farin burodi ke yi, lamarin da ya shafi masu ciwon suga a ƙasar Hausa da ke komawa ga tuwon alkama suna zaton sun tsira. Haka nan launin ruwan ƙasa ba shaida ba ne, domin ana iya rina fulawa da ƙonannen sukari, shi ya sa dokokin Birtaniya da Amurka suka keɓe sunan burodin alkama sukutum ga wanda duk garinsa haka yake. Akwai kuma tambayar wa zai yi aikin, wadda Graham ya amsa cikin sauƙi da yake ba shi ne zai tsaya a madafa ba. Injin burodi na gida da kamfanonin Japan suka fitar a ƙarshen shekarun 1980 ya rage wahalar, kullen annobar korona a 2020 kuma ya nuna cewa lokaci ne babban jarin wannan sana'a, domin da mutane suka zauna a gida sai gari da yis suka yi ƙaranci a kantunan Ingila da Amurka.

Ga mai karatu Bahaushe, alkama ba baƙuwa ba ce. An daɗe ana noma ta da rani a fadamun Kano da Haɗeja da yankin Tafkin Chadi, ana shuka ta da shigowar hunturu, kuma daga gare ta ake yin alkaki da funkaso, yayin da gurasar tanderu ta zama abin alfaharin birnin Kano. Waɗannan abinci ba su taɓa neman alkama ta yi tsawo a gwangwani ba, sun karɓe ta da nauyinta da tsaminta. Burodin mai shayi kuwa ya dogara ne da alkamar waje, dogaron da Gunilla Andrae da Björn Beckman suka kira tarko a littafinsu The Wheat Trap na 1985, kuma hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 bai ɗore ba. Wanda zai kai alkamar fadamun Kano inji ya gwada wannan gashi zai ci karo da ƙarancin oben mai riƙe zafi daidai da kuma zafin gari da ke sa kwaɓi ya zarce da wuri, burodin kuma ya yi fumfuna cikin kwana biyu ko uku.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne, a matsayin kishiyar burodin kanti wajen sanwic, burodin alkama zalla na gida bai cika yin nasara ba sai an cika shi da ƙare-ƙaren da ke nesanta shi da manufarsa ta asali, kuma rabi da rabi ya fi shi dacewa da wannan aiki. A matsayin burodin tos kuwa, wanda aka jiƙa garinsa ya kwana, aka yanka shi da kauri a rana ta biyu, na kanti bai kama ƙafarsa ba.