Buhun Gawayi a Bangon Benis

A 'yan shekarun nan manyan wuraren baje kolin fasaha na duniya sun koma son aikin da aka yi da tarkace. Murfin kwalba, tsohuwar jarka, yagaggen buhu, duk sun samu shiga, kuma kowa cewa yake yi muhalli yake karewa. Ina son wannan salo ƙwarai, amma ba duk wanda ya tsinto abu a bola ya rataya a bango ne ya taimaki ƙasa ba.

El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, shi ya buɗe wa mutane da yawa ido. Murafan kwalaben giya yake sa a daddaƙe, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, su zama wani ƙaton mayafi mai ɗaukar ido. A 2015 aka ba shi kyautar Zakin Zinare a bikin fasaha na birnin Benis, a Italiya.

Sai dai wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale. Shi da buhu yake aiki. Buhunan nan a Indiya da Bangaladash ake saƙa su, a kawo su Ghana don zuba koko. Idan sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan kasuwa, a zuba masara, a zuba shinkafa, daga ƙarshe su ƙare a wurin masu gawayi, sun yi baƙi, sun sha faci, ga sunayen masu kaya a rubuce a jikinsu. Mahama kan ba da sabo ya karɓi tsoho, a haɗa su da ɗinki. A Benis ɗin, a shekarar 2015 ɗin dai, ya lulluɓe dogayen bangaye da su. Wanda ya taɓa ganin ɗan dako na haɗa gumi da buhu a ka ya san labarin da ke jikin wannan ƙyalle.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne inda kuɗin da ya samu daga aikin suka koma. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale, sannan ya gina wani wurin mai suna Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa, yara suna shiga ciki suna koyo. Gare ni wannan ne ma'auni. Aikin da za a loda a jirgi, a yi ta yawo da shi daga wannan biki zuwa wancan, a ƙona mai mai yawa, amma unguwar da aka kwaso tarkacen ba ta ga komai ba, bai cancanci a jingina shi da kare muhalli ba.

Mu kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maƙeranmu sun daɗe suna narka gwangwani su zuba tukunya, ana yanka tsohuwar taya a fitar da takalmi da guga, 'yan bola jari kuwa kullum suna tafe da buhunsu. Ina roƙon ɗalibanmu na zane da sassaƙa, a Zariya da sauran wurare, su je wurin waɗannan mutane su koya, su biya su haƙƙinsu, kuma ranar baje koli su rubuta sunayensu kusa da nasu.