Sama, Firdausi da Lahira: Nazari a Kan Kalmomin Makoma Cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa

A ƙasar Zuru, inda mishan na United Missionary Society suka fara aiki cikin shekarun 1920, Hausa ce ta zama harshen sujada ga mutane da yawa waɗanda ba ita suka tsotsa a nono ba. Mutumin Bena, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, ya iya zama Badakkare mai magana da harshen C'lela a gida, amma da Hausa yake ciniki da maƙwabcinsa Musulmi a kasuwa, da ita kuma yake jin wa'azi ran Lahadi. Saboda haka kalmar da mafassari ya zaɓa domin makomar masu bi, ita ce za ta siffanta masa wannan makoma. Nufina a nan shi ne in auna kalmomi uku cikin fassarar 1979, wadda ta biyo bayan ta 1932 da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa babban aiki.

Kafin a yi hukunci sai a san abin da mafassari ya tarar a gabansa. Hausa ta daɗe da samun kalmomin makoma daga Larabci ta hannun malamai da mawaƙan wa'azi, tun daga zamanin Shehu Usmanu har zuwa Aliyu Namangi mai Imfiraji. Aljanna, lahira, ƙiyama, siraɗi, Alkausara, duk sun zauna daram, kowace da kayanta. Asalin aljanna a Larabci lambu ne, harafin ta'arifi kuwa ya manne mata kamar yadda ya manne wa alƙali da alƙalami. Wanda ya ji ta, sai ya tuna da ƙoramu da inuwa da 'ya'yan itace da hurul'ini.

Mafassaran ba su ɗauki wannan kalma ba domin fassara ouranos ta Helenanci, sai suka ɗauki sama. Ina ganin sun yi daidai, don dalili biyu. Na farko, kalmar Helenancin da takwararta ta Ibrananci, shamayim, suna nufin sararin da tsuntsu yake tashi, suna kuma nufin mazaunin Allah, sama ta Hausa kuwa tana iya ɗaukar duka biyu. Ita da shamayim ma 'yan uwa ne ta wajen Larabci. Na biyu, Mulkin Sama, wanda ya zo fiye da sau 30 cikin Matiyu kaɗai, sarautar Allah yake nufi, Markus da Luka ma Mulkin Allah suke cewa a wuraren da suka yi daidai. Da an ce mulkin aljanna, da ma'anar ta karkata zuwa wurin da ake tafiya bayan mutuwa.

Har wa yau akwai dalilin aƙida. A Matiyu sura 22 Yesu ya gaya wa Sadukiyawa cewa babu aure a tashin matattu. A ƙasar da saurayi yakan yi shekaru yana noman golmo a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, wannan magana tana da nauyi ƙwarai, kalmar aljanna kuwa da ta rufe ta. Amma fa zaɓin bai fita ba hasara ba. Sama kalma ce ta yau da kullum, ta ruwan sama da jirgin sama, ba ta da zaƙin da aljanna take da shi a kunnen Bahaushe, shi ya sa aljanna ba ta bar bakin Kirista masu jin Hausa ba.

Kalma ta biyu Firdausi ce, wadda aka sa cikin alkawarin da Yesu ya yi wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi, a Luka sura 23. Paradeisos ta Helenanci sau 3 kawai ta zo cikin Sabon Alkawari, watau a nan, da 2 Korantiyawa sura 12, da Wahayin Yahaya sura 2. Asalinta daga tsohon harshen Farisa ne, ma'anarta lambu mai katanga, daga tushen nan kuma Firdausi ta Larabci ta fito, wadda ta zo sau 2 cikin Alƙur'ani. Ta wajen asali babu abin cewa. Sai dai a wurin Musulmi Firdausi ita ce ƙololuwar darajojin aljanna, don haka mai sauraro zai iya ɗauka cewa an fifita ɓarawon nan bisa sauran masu tsira, alhali kuwa nauyin ayar yana kan zamansa tare da Almasihu a wannan rana. Haka nan sama ta uku da Bulus ya ambata: kunnen da ya saba da sammai bakwai zai ji ta kamar tsakiyar hanya, masu sharhi da yawa kuwa suna ɗaukarta a kan mazaunin Allah kansa.

Kalma ta uku ita ce ta fi wuya. An yi amfani da lahira domin fassara Sheol ta Ibrananci, watau duhun mazaunin matattu wanda mai Zabura yake roƙo a cece shi daga gare shi. A Hausar gari kuwa lahira ta haɗa makoma gaba ɗaya, da wuta da aljanna, har akan yi wa mutum addu'ar dacewa duniya da lahira. Idan Kirista ya ce Allah ya kuɓutar da shi daga lahira, maƙwabcinsa zai yi mamaki, ko da yake kowannensu yana kan ƙa'idar littafinsa. A nan ina ganin mazaunin matattu ya fi dacewa, ko da ya fi tsawo.

Ya kamata kuma a tuna Kirista ba su tsaya a kan siffa guda ba. Akwai masu ƙarfafa cewa ran mai bi yana zuwa wurin Almasihu da zarar ya cika. Akwai masu cewa jigon ni'imar shi ne ganin Allah, kamar yadda Agustin na Hippo ya bayyana a ƙarshen littafinsa na Birnin Allah, wanda ya gama a 426, Paparoma Benedict na 12 kuma ya tabbatar wa Katolika a 1336. Akwai kuma masu jawo hankali zuwa surori biyu na ƙarshen Wahayin Yahaya, inda Sabuwar Urushalima take saukowa zuwa sabuwar duniya, birni mai ƙofofi 12, da garu mai kamu 144, ba haikali a cikinsa. Sama tana yi wa ra'ayi biyu na farko hidima sosai, amma tana iya ɓoye na ukun, gama tana ɗaga ido zuwa bisa, littafin kuwa da saukowa ya ƙare. Bahaushe da ya san birni da ganuwa da ƙofofi ba zai sha wuyar gane wannan siffa ba idan an nuna masa ita.

Abin da nake roƙon malaman kwalejojin horon malamai shi ne kada su koyar da kalmomin nan kamar ma'anarsu ɗaya ce a bakin kowa. A aji guda a ƙasar Zuru akwai ɗan limami, akwai ɗan fasto, akwai kuma wanda kakanninsa suka aza tukwane masu siffofi bisa kabarin manyansu. In aka rubuta lahira a allo, sai malami ya tambayi kowannensu abin da ya fahimta, sa'an nan ya nuna musu inda kalmar ta fito da aikin da kowane littafi ya ba ta.