Hira a Matsayin Hanyar Binciken Tunanin Yara: Sharhi ta Fuskar Harshe

Masana ilimin halayyar ɗan'adam sun daɗe suna dogaro da hira wajen auna tunanin yara, musamman tun daga 1926, lokacin da Jean Piaget ya bayyana tsarin tasa hirar. Wannan sharhi yana da ra'ayin cewa sau da yawa abin da hirar ke aunawa shi ne yadda yaro ya fahimci tambaya, ba zurfin hankalinsa ba.

A shahararren gwajin Piaget, akan nuna wa yaro kofuna biyu masu ruwa daidai, a tambaye shi ko ruwan ɗaya ne. Sai a juye guda cikin dogon kofi siriri, a maimaita tambayar. Idan ya ce ruwan ya ƙaru, sai a yanke hukunci cewa tunaninsa bai nuna ba. To amma a al'adar zance, babba ba ya maimaita tambaya sai in amsar farko ba ta gamsar ba. Rose da Blank sun gwada wannan a 1974: da aka yi tambayar sau ɗaya tak, bayan an sauya fasalin abin, yaran da suka amsa daidai sun ƙaru.

Matsalar takan tsananta idan aka tsallaka zuwa wani harshe. A binciken Patricia Greenfield na 1966 a ƙasar Sanagal, yaran Wolof da ba su shiga makaranta ba sun yi shiru da aka nemi dalilin da ya sa suke ganin ruwan ɗaya ne, amma sun amsa da aka nemi dalilin da ya sa ruwan yake ɗaya. Siffar jimla kaɗai ta raba shiru da magana. Haka kuma Price-Williams, wanda ya yi hira da yaran Tibi cikin harshensu a binciken da ya buga a 1961, ya same su ba su yi nisa da takwarorinsu na Turai ba.

Darasin ya shafi kowace al'umma, kamar ta Hausawa, inda kunya ke hana yaro ja-in-ja da babba. Manazarcin da ya ɗauki ladabi a matsayin jahilci ya zalunci yaron, kuma irin wannan hukunci yakan bi shi har aji. Saboda haka bai kamata a tsara tambayoyin hira ba tare da masanin harshen da za a yi ta da shi ba.