Wace Waƙa Za a Ba Yaro Ya Haddace? Sharhi a Kan Zaɓen Littattafan Waƙoƙin Yara a Makarantun Islamiyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Idan aka kawo wa shugaban makarantar Islamiyya littafin waƙoƙin yara don a sa shi cikin manhaja, galibi tambaya ɗaya ake yi: akwai abin da ya saɓa wa shari'a a cikinsa? Sai a miƙa wa malamin tauhidi ko na fiƙihu ya duba. In bai ga shirka ko batsa ko hadisin ƙarya ba, shi ke nan, littafi ya haye. Wannan tambaya wajibi ce, kuma ita ce ta farko, babu mai jayayya. Ƙorafin wannan sharhi shi ne tsayawa a kanta. Saboda tsayawar ne azuzuwanmu suka cika da baitoci masu ingantacciyar ma'ana amma guragu, waɗanda yara ke haddacewa don tsoron bulala, su kuma watsar da zarar an tashi daga jarrabawa.

Magabata sun yi magana a kan tacewa. Muhammad bin Sahnun, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya bayyana a Adabul Mu'allimina cewa babu laifi malami ya koya wa yara waƙar da babu alfasha a cikinta, ko da yake bai wajabta masa ba. Imamu Gazali a Ihya'u ya yi gargaɗi kan barin yaro da waƙoƙin bege da labaran ma'abotansa. Duk wannan ma'aunin ma'ana ne. Ibn Haldun ne ya ƙara wani ma'auni a Muƙaddima. A ganinsa, ƙwarewar harshe da ke zaunawa a zuciyar mutum, wadda ya kira malaka, tana ɗaukar kamannin abin da mutumin ya haddace: mai kyau ya haifi mai kyau, mai rauni ya haifi mai rauni. Da wannan ya bayyana dalilin da ya sa waƙar malaman fiƙihu da nahawu take yawan yin rauni, wato ƙa'idojin fanni sun riga cika musu ƙirji. Bai ma keɓe kansa ba. Ya shaida wa abokinsa Ibnul Haɗib cewa tsara waƙa tana yi masa wuya, ya kuma danganta haka ga haddar ƙasidun Shaɗibi da littattafan Ibnul Hajib da ya yi tun yana yaro. Idan mutum irin wannan ya ji alamar haddarsa ta farko a harshensa har girma, to abin da muke zuba wa ɗan shekara bakwai ba ƙaramin al'amari ba ne.

Daga nan ya kamata mai zaɓe ya raba abu biyu da muke cakuɗawa, wato nazamu da waƙa. Nazamu ilimi ne da aka ɗaure da kari don ya yi sauƙin riƙewa. Tuhfatul Aɗfal ta Sulaiman Jamzuri, baiti 61 a bahari Rajaz, misali ce mai kyau. Ta tattara hukunce-hukuncen nunun sakina da tanwini da mimun sakina da maddodi, har ta tara haruffan ihfa'i goma sha biyar a farkon kalmomin baiti guda. A matsayin ma'ajin ƙa'ida da wuya a samu kamarta, kuma ban ga dalilin cire ta daga darasin tajwidi ba. Haka Ƙurɗabi da Ibn Ashir a fiƙihu. Nana Asma'u ma ta bi wannan hanya sa'ad da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a wata gajeriyar waƙa, da Fulatanci da Hausa da Larabci, don amfanin masu koyo. Amma makarantar da ta ba yaro Tuhfa kaɗai ta ce ta koya masa waƙa, ta ba shi ma'auni ne ba ta ba shi hatsi ba. Nazamu ba ya motsa zuciya, ba a kuma tsara shi don haka ba. Yaro yana bukatar baitin da zai sa ya ɗaga kai ya dubi hadari ko jerin tururuwa ya ji girman Mahalicci, ba tare da an ce masa ga hukunci na ɗaya ga na biyu ba.

Matsalar ta fi tsanani a ƙananan littattafan Hausa da ake bugawa ana sayarwa a bakin masallatai da shagunan littattafai. Masu rubuta su mutane ne masu kyakkyawar niyya, Allah Ya saka musu, amma da yawansu sun ɗauka cewa amsa-amo shi ne waƙa. Sai ka ga ɗango ɗaya yana da gaɓa takwas, na biye da shi goma sha uku, abin da ya haɗa su kawai shi ne duk sun ƙare da harafi ɗaya. Inda ɗango ya gaza sai a cike shi da "ɗan'uwa" ko "haƙiƙa" ko "ka ji", inda amsa-amo ya ƙi sai a jawo kalmar Larabci da ko malamin ajin sai ya buɗe ƙamus. Wani zai ce wannan aibi ne na adabi, bai shafi addini ba. Ya shafe shi. A ɗauka marubuci yana son ya waƙe farillan alwala bakwai kamar yadda suke a Ahalari. Cuɗawa ta ƙi shiga kari sai ya bar ta, kurkurar baki ta dace da amsa-amo sai ya sa ta, alhali sunna ce. Yaro ya haddace, kuma abin da aka haddace da rerawa ya fi abin da aka ji a bayani daɗewa a zuciya. Wanda bai mallaki kari ba, kari ne zai mallake shi, ya tilasta masa faɗin abin da bai nufa ba. Don haka malamin fiƙihu da ke duba littafi yana bukatar masanin aruli a gefensa, ko don kare fiƙihun kansa.

Akwai kuma wata wahala da ta keɓanci rubutun boko. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar yadda M.K.M. Galadanci da sauran manazarta suka nuna, ya dogara ne ga jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, irin na arulin Larabci. Amma boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne, alhali na farko ya fara da gaɓa marar nauyi, na biyu da mai nauyi. Malamin da bai taɓa jin an rera waƙar ba zai iya karya kari lafiyayye da bakinsa, yara arba'in ko sittin su karya tare da shi. In aka haɗa da sakacin maɗaba'a wajen haruffa masu lanƙwasa, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, to an gama da waƙar. Littafin da ya zo da bayanin karin kowace waƙa, ko aka haɗa shi da muryar da za a saurara a waya, ya fi wanda ya zo da takarda mai sheƙi da launi bakwai.

Wasu makarantun, don gudun waɗannan littattafai, sai su koma ga manyan mawaƙa. Niyya ce mai kyau, amma tana bukatar almakashi. Imfirajin Aliyu Namangi ba ta da aibin kari, sauƙin rerawarta ne ma ya kai ta ƙofar kowane gida. Sassanta na yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sun dace da kowane aji. Sassan da ke siffanta fitar rai da kabari da hisabi kuwa an tsara su ne don girgiza baligin da ya shagala da duniya. Gaskiya ce abin da ke cikinsu, amma yaron da ba a fara rubuta masa zunubi ba, in farkon saninsa da Ubangijinsa ya zama azaba, me muka shuka? Tsoro da kwaɗayin rahama tare suke tafiya a tarbiyya, kuma a farkon shekaru soyayya ce ta fi cancantar gabata. Haka Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja: harshe tsaf, wa'azi mai kaifi, amma waƙarsa ta giya da ta karuwa ba na firamare ba ne. Sunan mawaƙi ba ya isa hujjar ɗaukar diwani sukutum a kai aji.

A ɓangaren Larabci, littattafan mahfuzat kan ɗauko daga Ahmad Shauƙi, wanda ya rasu a 1932. Ya tsara gajerun hikayoyi a bakin dabbobi bayan ya ga irin aikin La Fontaine lokacin karatunsa a Faransa. Kari lafiya lau, labari mai jan hankali. Sai dai abu biyu. Kalmominsa sukan fi ƙarfin yaron Masar ma, balle na Kano ko Damagaram, wasu hikayoyin kuma habaici ne na siyasar mulkin mallaka da yaro ba zai gano ba. Na biyu ya fi muhimmanci gare mu: yana da jerin waƙoƙi da ya ƙago a kan dabbobin da ke cikin jirgin Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Babba ya san ƙirƙira ce. Yaron da ya karanta Suratu Hud da safe ya rera waɗannan da yamma, wa ya tabbatar mana ya raba wahayi da hikaya? Ban ce a haramta su ba. A jinkirta su zuwa ajin da zai fahimci bambancin, malami kuma ya faɗe shi ƙarara.

Abin mamaki, ma'aunin da muke nema yana dandali. Waƙoƙin gaɗa da na tashe da na reno babu wanda ya taɓa dukan yaro don ya haddace su. Ɗangonsu gajere ne, numfashi ɗaya ya ishe shi, akwai mai bayarwa da masu amshi, akwai tafi, kuma abin da ake ambata abu ne da ido ke gani. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irinsu a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, Umaru Dembo ma ya yi amfani da su a Wasannin Yara. Ba duk abin da ke bakin yara a dandali ne zai shiga Islamiyya ba, wasu sai an tace, wasu sai an bari. Amma marubucin da ke son ya waƙe wa yara ladubban cin abinci ko sunayen watannin Hijira, zai fi amfana da nazarin ginin waɗannan waƙoƙi fiye da kwaikwayon doguwar ƙasidar wa'azi.

Saboda haka kwamitin manhaja bai kamata ya yanke hukunci a ofis ba. Bayan malamin tauhidi da na fiƙihu sun gama, masanin aruli ya yanka baitoci, sai a ɗauki waƙa uku daga littafin, ɗaya daga farko, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe, domin marubuta sukan zuba ƙoƙarinsu a shafukan farko. A ba malamin aji na gari, ba gwanin murya ba, ya rera wa yara. Duk inda ya yi tuntuɓe ko ya ja wasali don ya cike gurbi, a sa alama. A tambayi yara ma'anar kalmomi biyar. Bayan mako guda a koma ba tare da sanarwa ba, a ja ɗangon farko, a saurara ko za su amsa.